Darakta da Jajayen Turaku Goma

Mijin yayata shekara ashirin da biyu ya yi yana gadi a ƙofar wata ma'aikata. Aikinsa ya buɗe get, ya sara, ya rufe get. Amma tunda ya yi ritaya, in ka ji shi yana magana sai ka rantse shi ke sa wa gwamnati hannu a takarda. Shi ya sa muka laƙa masa Darakta. Mu tsokana muka yi, shi kuwa ya karɓe hannu bibbiyu, har ta kai in ka kira shi da sunansa na gaskiya ba ya waiwayowa.

Ni faci nake yi a bakin titi, tsakanin shagon Tela da na Mai Aski. Abin da zan ba ku a gabana aka yi, wani ma da hannuna a ciki, Allah ya yafe mini.

Unguwarmu ba mu da ruwa. Rijiya ɗaya ce, can bayan makaranta, rabin awa zuwa, dawowa kuwa da jarka a ka sai abin da ƙafa ta yarda. To sai ga wata ma'aikaciya daga ofishin kula da daji, da faffaɗar hula da takalmin roba, muna ce mata Malama. Ta tara mu a filin bayan unguwa ta ce gwamnati za ta ba mu dashen itatuwa dubu kyauta, darbejiya da turare. Mu dasa, mu raine su har rani ya wuce. In saba'in cikin ɗari suka rayu, a haƙa mana burtsatse mai sola, da tanki da famfo shida. In ba su kai ba, babu. Haka ma aka yi wa 'yan tsallaken titi, waɗanda ko gaisuwa sai mun yi gasa da su.

Tela ya ɗaga hannu. "Malama, ke kaɗai za ki ƙirga itace dubu a ranar nan?"

Ta yi dariya. "A'a Baba. Wuri goma kawai ake aunawa. A zagaya igiya mai taku biyar, a ƙirga masu rai da matattun da ke ciki. Abin da wuri goman suka ce, shi filin ya ce."

"Wane wuri goman?"

"Ranar za ku gani."

Aka ce a zaɓi shugaba. Kafin kowa ya buɗe baki Darakta ya riga ya miƙe yana godiya.

"Ku bar mini komai," in ji shi. "Gwamnati ni na san inda take ajiye takalminta."

Muka dasa a ƙarshen damina, layi-layi, gwanin sha'awa. Yaya ta yagi bayan kwali ta raba aiki: gida ashirin da biyar, kowane gida itace arba'in. Da aka gama, Malama ta zagaya filin tana duba wayarta, ta kakkafa turaku goma masu jan fenti a ka, ta ce kada kowa ya taɓa mata su. Ta hau babur ɗinta ta tafi.

Ruwan sama ya ɗauke, aka shiga jigilar jarka. Sati biyu kowa ya fara tafiya a karkace. Ranar nan ina cire ƙusa daga taya sai ga Darakta ya zauna kan bencina, yana murmushin wanda ya tsinci abu.

"Ƙanina, wuri nawa ta ce za ta auna?"

"Goma."

"Turaku nawa ta kafa?"

"Goma."

"To kai da ka gama firamare, goma da goma me ke nan?"

"Ashirin."

"Shi ya sa har yau kake faci."

Da yamma ya kira taro. Ya ce ya gano sirrin. Inda turakun suke, nan za a auna. Kowane turke itace takwas ne a kewayensa, goma sau takwas tamanin. "To me zai sa mu karya wuyan matanmu a kan dubu, alhali tamanin za a duba? Daga yau kowa ya ajiye jarka. Ni kaɗai da kurar ruwa ɗaya na ishi gwamnati."

Gaskiya a faɗe ta, mun yi tafi. Ni har da fito. Mutumin da ya gaji, in ka ce masa hutawa ita ce dabara, ba ya neman shaida.

Yaya ce kawai ta ƙi. "Baban yara, in ba nan za ta auna ba fa?"

"Ke kin taɓa buɗe wa gwamnati ƙofa?"

"A'a. Amma na taɓa buɗe maka, ranar da ka yi ta dukan ƙyaure makulli na rataye a wuyanka."

Aka kwashe da dariya, ya ce a rufe taro. Yaya ta naɗe kwalinta ta ce ita dai arba'in ɗinta da ke kusurwar can ƙarshe ba za su mutu a hannunta ba. Kullum sai ka gan ta da bokitin ruwan wanki da na wanke-wanke tana ratsa fili. Darakta in ya hango ta sai ya ce da mu, "Ku ƙyale ta, motsa jiki take yi."

Shi kuwa rayuwa kawai ba ta ishe shi ba, so yake Malama ta zo ta tarar da daji. Ya je gidan kaji ya samo ɗanyen kashi buhu guda, ya juye wa turke na uku gaba ɗaya, wai gwaji. Kwana uku unguwa ba ta buɗe taga ba. Mai Aski ya ce masu zuwa aski suna dubansa kamar shi ne ke warin. Ran na huɗu ganyen suka ƙone ƙurmus.

"Darakta, sun mutu," in ji Tela.

"Kaya suke canzawa. Kai tela ne, ya kamata ka gane."

Ya tumɓuko wasu daga wani layi ya dasa a wurin da tsakar rana, suka mutu. Ya sake, suka sake. Ƙasar wurin ta riga ta yi fushi, ko ciyawa ta ƙi. Sai ya ce turke na uku ya bar wa gwamnati, don kada ta ce an yi maguɗi in ta ga ɗari bisa ɗari.

Wata biyu, fili ya bushe ƙayau, sai da'ira tara kore shar, kamar an jera wa awaki faranti. Awakin kuwa ba su ƙi gayyata ba. Darakta ya shiga neman shinge. Ya kwashe tsofaffin tayoyina, ya ɗauke tsohon allon shagon Tela, ya kwance gidan sauron Yaya, da abin ya ƙi isa sai ya ɓalle ƙyauren banɗakin gidansa.

"Ina ƙyauren?" in ji Yaya.

"Yana aikin gwamnati."

"Mu kuma mu yi namu aikin a bainar jama'a?"

"Ki rataya zane mana."

"Wane zanen? Ba shi ka ɗaure a turke na shida ba?"

Tun daga ranar duk wanda ya shiga banɗakin gidan sai ya riƙa waƙa da ƙarfi don kada a faɗo masa. Mai Aski ya je gaisuwa cikinsa ya juya, ya rasa waƙar da ya iya, sai ya yi ta kiran farashin aski har ya fito.

Wani bunsuru kuma, baƙi mai kunne ɗaya, ya kutsa cikin gidan sauron ya cinye itace biyu, ya naɗe a ciki, ya fito titi da gudu a lulluɓe kamar amarya, Darakta na binsa da takalmi ɗaya yana ihu, "Ku tare dukiyar gwamnati!" Ba mu san ko bunsurun yake nufi ko gidan sauron ba, sai muka tsaya muna kallo don kada mu yi kuskure.

Sai maganar nisa. Turaku uku suna can ƙasan fili, hanya duk ƙaya. Kullum tayar kurarsa a wurina take kwana. Ran da na yi mata faci na goma sha ɗaya na ce, "Darakta, tayar nan yanzu faci ta fi roba yawa. Turakun can ƙasa za su kashe ka."

Ya dube ni. "Turke yana da saiwa?"

"A'a."

"To ɗauko guduma."

Ga inda hannuna ya shiga. Ni na riƙe guduma, shi ya cire turaku uku, muka hauro da su tudu kusa da bakin hanya, inda wasu dashe ke da sauran numfashi, muka kafa. Ya ce gwamnati lamba take dubawa, ba wuri ba. Goma ta kafa, goma za ta tarar.

Duk wannan bai hana shi tsallaka titi ba. Shugaban 'yan tsallake wani kafinta ne, Dogo. Mutanensa sun rame, sun yi baƙi, suna ta jan ruwa layi bayan layi. Darakta ya tsaya da hannu a baya.

"Sannunku da wahala. Ku yi da baya, mu mu yi da kai."

"Naku fa na ga sun bushe," in ji Dogo.

"Abin da ya kamata ya bushe ne ya bushe. Ranar awo ku zo da mutanenka, ku koyi aiki. Kujerar gaba taka ce."

Har allo ya sa aka rubuta masa, dogo, da shuɗin fenti: BURTSATSEN DARAKTA. Ya kafa shi a bakin fili.

Ranar awo da hantsi kowa ya hallara, mu da 'yan tsallake, mata da maza. Darakta ya sha sabon ɗinki da hula mai tsini. Malama ta sauka daga babur, ta dubi filin, ta cire tabarau, ta goge, ta mayar. Ta bi wayarta har can ƙasa, ta tsaya tana dube-dube.

"Wa ya cire turken da ke nan?"

"Ƙasa ce ke tafiya, Malama," in ji Darakta. "Filin nan gangare ne."

"Gangaren ne ya kwaso turke ya hau tudu da shi?"

"Ikon Allah ya wuce haka."

Ni dai na koma bayan Tela, don Tela yana da faɗi.

Ta dawo wurin turke na farko, ta ɗage tayoyina, ta shiga ta tsaya a kansa. Itatuwan sun kai mata kafaɗa, ganye na shafar fuskarta. Darakta ya juyo yana kallon Dogo, yana gyaɗa kai. Ta ɗaga waya, ta sauke.

"Shugaba, ɗan janye mini rassan nan, suna tare mini hoto."

"Hoton me?"

"Hoton fili mana. Turakun nan ai inda nake tsayawa ne in ɗauki hoto, don na yau ya dace da na ranar dashe."

Darakta da hannunsa ya riƙe reshen da ya yi wata biyar yana shayarwa, ya lanƙwasa shi gefe, Malama ta ɗauki hoton busasshen fili tas. Tela ya yi tari. Dogo ya gyara zama a kujerar gaba.

"To... awon fa?" in ji Darakta, murya kamar taya mai sacewa.

Ta buɗe jaka ta fito da igiya da wata 'yar sanda mai jan ƙyalle a ɗaure. "Don kada a ce ma'aikaci ya zaɓi inda yake so, shugaba ke jifa. Ka tsaya tsakiyar fili, ka rufe ido, ka wurga ta bayanka. Inda ta faɗi nan za mu auna. Daga nan ka sake wurgawa, har sau goma."

Na ɗauka zai faɗi. Ina! Sai na ga ya gyara hula, ya raɗa mini, "Ta kawo kanta. Ina yaro daga nesa nake kaɗo mangwaro, wanda na nuna shi ke faɗowa."

"Ta baya?"

"Mai saiti ba shi da gaba da baya."

Jifa na ɗaya, sanda ta faɗa tsakiyar ƙeƙasasshen wuri. Aka zagaya igiya. Tsinke takwas a tsaye.

"Barci suke yi, Malama. Da yamma suke farfaɗowa."

Ta sa farce ta kankare bawon ɗaya. "In da rai, ƙarƙashi kore ne." Ta nuna wa jama'a. Launin tsohuwar tabarma. Ta rubuta sifili.

Na biyu, sifili. A na uku Dogo ya yi tsalle. "Yana leƙe! Ido ɗaya a buɗe!" Tela, mutumin kirki, ya zaro ƙyalle daga aljihu, ya ɗaure masa fuska tamau har hular ta karkace. Sifili.

Na huɗu ya sauka a tsakiyar kan Mai Aski, ƙwas.

"A ƙirga shi, yana da rai!" in ji wani daga tsallake.

"Ban tabbata ba," in ji Mai Aski, yana dafe kai. "A kankare ni a gani."

Na biyar ya tafi sama sak, ya dawo ya tuge hular mai jifan. Aka auna inda yake tsaye. Sifili, har da shi.

Na shida ya kusa. Sanda ta faɗi kusa da da'irar da aka tsare da ƙyauren banɗaki. Darakta ya ɗage ƙyalle ya karɓi bakin igiya da kansa, ya ja, ya ja, yana nishi, har ta taɓo ganye ɗaya ta saman ƙyauren.

"Ya taɓa! Kowa shaida ne!"

"Na ba ka ɗaya," in ji Malama, "ka saki igiyar gwamnati kafin ta tsinke."

Na bakwai bai kai ƙasa da kyau ba sai ga baƙin bunsurun nan mai kunne ɗaya. Ya cafki jan ƙyallen ya zura da gudu, unguwa biyu suka rufa masa baya. Shi kuwa ya san inda ganye yake ba shinge. Kai tsaye ya nufi kusurwar Yaya, ya yar da sandar ya kai baki, Yaya ta tare shi da bokiti.

Dogo ya ce ba a yarda ba, akuya ba shugaba ba ce.

"Wannan ma ta fi namu saiti," in ji Tela.

Malama ta ce doka ta ce inda sanda ta faɗi, ba ta ce wa ya kai ta ba. Aka zagaya igiya. Takwas cif, kore shar, ba kashin kaji, ba ƙyaure.

Yaya ta matso ta ce a hankali, "Baban yara, daga nan za ka jefa. Sake ta kawai ta bayanka, layukana ne ko'ina."

"In ci jarrabawa da ruwan wanke-wanke? A gaban Dogo?"

Ya ja numfashi, ya saita inda yake zaton tudu yake, ya wurga da ƙarfin shekara ashirin da biyu na tura get. Sanda ta tashi, ta wuce allon burtsatse, ta wuce titi rabi, ta faɗa bayan wata tifar yashi da ke wucewa. Muka bi ta da ido har ta sha kwana.

"Ku bi ta da igiya!" in ji Dogo, yana share hawaye.

Malama ta ce shekara shida sandar nan tana hannunta. Ta ce wannan jifan bai shiga lissafi ba, saura uku, shugaba ya cire takalminsa ya ƙarasa da shi, daga tsakiyar fili. Ya cire. Ya jefa biyu, sifili biyu. Takalmi yana kwance a rana, Tela ya nuna shi da baki. "Jama'a, ga inda gwamnati ke ajiye takalminta."

Saura ɗaya. Darakta ya tsaya, ƙafa ɗaya ba takalmi, ƙasa na ƙona shi, ya yi addu'ar da ban taɓa jin ya yi ba. Ya wurga. Takalmin ya juya a sama sau uku, ya sauko ya rataye a kan jan turke, cak, kamar da hannu aka sa. Jama'a suka ɗauki ihu.

"Me ya faru? Me ya faru?"

"Turke ka samu, Darakta!" na ce masa. "A kansa ma!"

Ya ɗaga hannu biyu sama, yana rawa da ƙafa ɗaya. "Ban faɗa muku ba? Dogo, ka gani? Malama, rubuta takwas!"

Ya fizge ƙyallen. Turke na uku ne.

Malama ta haɗa lissafi a gabanmu: tara cikin tamanin. Ta ce na tsallake ta auna jiya, sun wuce saba'in da rata, injin haƙa zai zo musu wata mai kamawa. Matan unguwarmu suka zagaye Darakta suna kallonsa, irin kallon da ake yi wa jarka mai yoyo bayan an iso gida. Ni na sake neman bayan Tela, na tarar Mai Aski ya riga ni.

"Layukan can na wa ne?" in ji Malama.

Yaya ta ɗaga bokiti. Malama ta goge sunan shugaba a takarda, ta rubuta nata. Ta ce damina mai zuwa za ta sake kawo dashe, dama ɗaya ta rage mana, kuma duk wanda ya sake taɓa mata turke da shi za ta auna fili.

Yanzu kwalin Yaya ya dawo aiki. Gida ashirin da biyar, kowa arba'in, Darakta tamanin, wai tunda ya saba da lambar, kuma duk a can ƙasa cikin ƙaya. Kullum da safe yana tura kura zuwa famfon 'yan tsallake, ya bi layi, Dogo ya fito daga shago ya ce, "Darakta, yau da kai ake yi ko da baya?" Bai fasa ba fa. Jiya yana kan bencina ana yi wa taya faci na ashirin, yake gaya wa wani baƙo cewa a duk ƙasar nan ba wanda ya taɓa rataye takalmi a kan turke ido rufe sai shi, Malama da bakinta ta faɗa.

Ƙyauren kuwa gara ta cinye shi a wurin aikin gwamnati. Yaya ta ce ba za ta sayi wani ba alhali ga allo mai kyau yana zaman banza. Ni na buga mata ƙusoshin. In ka je gidan yanzu ka ɗauki buta ka zagaya baya, za ka gan shi da shuɗin fenti, BURTSATSEN DARAKTA, kuma ba sai ka yi waƙa ba.